Dunduniyar Cindo

Kun ji ihun. Kada wanda ya ce bai ji ba. Da hantsi ne, ranar Asabar, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, kuma ihun ya kai har rijiyar bakin gari. Masu jan ruwa suka tsaya, suka kasa kunne, suka ce, "Ɗori ake yi," suka ci gaba da jan guga. Ku ne masu gugan nan. Ko ba ku taɓa taka garin ba, kun sha wucewa ta ƙofar wani zaure inda ƙato yake kururuwa kamar ana feɗe shi da rai, kuka ƙara sauri, kuka ce Allah ya ba shi lafiya. To tunda ba ku leƙa ba, ku zauna ku ji abin da aka yi.

Mai ihun sunansa Cindo, saboda ɗan yatsa na shida da aka haife shi da shi a hannun hagu. Ɗan lodin shanu ne a karar Maigatari. Duk ranar Alhamis shi ne ke hawa saman bodin tirela, ya tsaya a kan ƙarafa, ya ja igiyar da aka ɗaura wa ƙaho, na ƙasa suna bugu suna turi har sa ya shiga. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki bai taɓa zamewa ba.

A wannan Alhamis ɗin aka kawo wani jan bijimi daga Damagaram, mai wuya kamar turmi. Ya sa ƙafa biyu a cikin mota, ya ji ƙarfe a ƙarƙashinsa, sai ya yi baya da dukkan ƙarfinsa. Igiyar na naɗe a hannun Cindo. Ta fizgo shi daga tsayin mutum biyu, ya sauko a tsaye, duk nauyinsa a kan dunduniyar dama. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Bijimin ya bi ta kansa, ya tsaga masa riga da ƙaho, ya watsa masu sayar da igiya, ya yi cikin kasuwa.

Ƙanwarsa Juwairiyya tana gaban allo a wata firamare a Gumel aka kira ta. Da allin a hannu ta shiga adaidaita. Ta same shi a gadon wani asibiti a garin, an yi masa allura, an ɗora ƙafar a kan matasai uku. Ƙafar ta kumbura ta yi suntum, dunduniyar ta baje kamar an danne curin fura.

"Malama," in ji shi, don haka yake tsokanarta, "kin zo ganin yadda sa ya ba ni maki?"

"Yaya, don Allah ka yi shiru."

Likitan, wani matashi mai suna Abdulfatah, ya ɗaga hoton ƙashin a jikin taga ya kira ta ta matso.

"Ƙashin dunduniya kamar ƙwai yake," ya ce. "Ɓawo mai tauri a waje, ciki kuma sakwaf. Nasa ya fashe gida huɗu, ya lotsa. A da, sai an tsaga gefen ƙafar nan tun daga sama har kusa da ƙaramin yatsa, a ɗage fata gaba ɗaya. Fatar wurin kuwa ba ta da jini sosai, sau da yawa ɗinkin ya ƙi kamawa. Yanzu akwai waɗanda ke yi ba haka ba, a Kano. Yanka kaɗan za a yi a ƙarƙashin idon sawu." Ya kama hannun Cindo, ya taɓa ɗan yatsan nan na shida. "Bai fi wannan sau biyu ba. Ta nan za a zura ƙarfe a ɗago ɓawon, ana kallo a allon na'ura, a mayar da kowane gutsure mazauninsa, a kafe da kusoshi uku ko huɗu. Shi ke nan."

"Likita, in ka ga dama ka haɗa da yatsan ka cire," in ji Cindo. "Ba abin da yake yi mini sai kama bakin aljihu."

Likitan ya yi dariya, sannan ya gimtse fuska. Ya ce abu biyu ne. Na ɗaya, fatar nan ta zauna da rai: kada a matsa, kada a murza, kada ƙafar ta sauka ƙasa. Na biyu, lokaci. Idan aka wuce sati biyu ƙashin zai fara haɗewa a karkace, ƙaramin yankan ba zai yi ba. Ya ce ranar Litinin za a wuce da shi Kano.

Juwairiyya ta fito ƙarƙashin darbejiya ta kira Baffa Ladan, ƙanen mahaifinsu, wanda ya riƙe su tun da mahaifin ya rasu. Ba a yanke magana a gidansu sai da shi. Wayarsa kuwa irin ta bakin iyaka ce, yanzu tana kan layin Nijeriya, anjima ta kama na Nijar.

"Baffa, an ɗauki hoto. Ƙashin dunduniya ne ya fashe. Likita ya ce za a yanka kaɗan a gefe, a sa..."

"Za a me?"

"Za a yanka..."

Layin ya ɗauke. Ta sake kira har sau bakwai, ba ta samu ba.

Tsakanin yanka da yanke wasali ɗaya ne. Yanka ko wanzami yana yi, jini ya ɗan fito, a shafa magani, a tashi. Yanke kuwa shi ne a raba gaɓa da jiki a je a binne ta. Baffa Ladan ya ji na biyun. Kafin a yi sallar magariba duk ƙauyen ya san cewa likitocin Gumel sun wasa zarto, kuma Juwairiyya 'yar boko ta ba su izini.

Ana saukowa daga Juma'a suka iso a bayan akori-kura: Baffa, da babban ɗansa Hamza, da ƙarti uku. Juwairiyya ta zube ta gaishe shi.

"Baffa, sannu da hanya. Jiya wayar ce ta..."

Marin ya same ta a kunne. Ta faɗi kan ƙarfen gado, leɓenta ya fashe.

"Ƙafar ɗan yayana za ki sayar? Ke har kin isa?"

"Wallahi Baffa yanka na ce, ba yanke ba! Ɗan tsagi ne, kamar haka!" Ta nuna da yatsu biyu, jini na bin haɓarta.

"Yau kuma ke za ki koya mini Hausa?"

A nan ne abin ya lalace. Da su biyu ne a ɗaki, wataƙila da ya tsaya ya ji. Amma a gaban ɗansa ne, da ƙartin garinsu, da majinyata goma sha biyu, yarinyar da ya goya ta ce masa bai ji daidai ba. Ya juya wajen Cindo.

"Kai kuma, haka suke cewa. Ɗan kaɗan, ɗan kaɗan. Su yi maka allurar barci, ka farka ka shafa ka ji wayam. Da me za ka hau mota? Da me za ka ciyar da Larai da yara? Tashi mu tafi. Ɗanjuma mai ɗori na jiranmu."

Cindo ya ji bayanin likita da kunnensa. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Baffa. Tun yana yaro bai taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, kuma bai san ta inda ake farawa ba.

"To, Baffa," ya ce.

Ma'aikaciyar jinya ta tare hanya tana cewa a jira likita. Ɗaya daga cikin ƙartin ya ture ta ta bugi bango. Hamza ya kama robar ƙarin ruwa ya fizge, allurar ta tsaga jijiya, jini ya yi tsartuwa har kan zanin gado. Suka ciccibe shi su huɗu. A bakin ƙofa ƙafar ta bugi ƙarfen ƙyaure, Cindo ya yi wata ƙara da ta sa jariri a ɗakin gaba ya farka. Majinyata goma sha biyu da masu jinyarsu suna nan. Wasu suka juya fuska bango. Wani dattijo da ya zo dubiya yana ɓare lemo, bai ko tsaya ba.

Likita Abdulfatah ya cim musu a bakin mota, da darduma a kafaɗa.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni minti ɗaya. Ba wanda zai yanke ƙafar nan. Amma in aka matsa ta, fatar za ta mutu."

"Kai ɗan wane ne a garin nan?" in ji Baffa. "Yaushe aka haife ka?"

Aka kawo takardar fita, Cindo ya dangwala yatsa. Juwairiyya ta fizgi hoton ƙashin daga hannun likitan ta haye bayan motar. Ba wanda ya ce mata ta hau, ba wanda ya matsa mata wuri.

A yi wa Ɗanjuma mai ɗori adalci. Ya gaji sana'ar, kuma akwai hannaye da yawa a ƙasar Sule Tankarkar da ya haɗa suka warke, masu su na noma da su har yau. Dogon ƙashi in ya karye biyu, a ja, a daidaita, a ɗaure, yakan kama. Amma wannan ba dogon ƙashi ba ne. Fasasshen ƙwai ne a cikin jakar fata, kuma Ɗanjuma bai taɓa cewa da bakinsa "wannan ya fi ƙarfina" ba.

Da safiyar Asabar aka shimfiɗa Cindo a zaurensa. Mata ba sa shiga, don haka Juwairiyya ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙa hoton.

"Baba Ɗanjuma, ka duba. Gida huɗu ya fashe."

Ya karɓa, ya juya shi sama da ƙasa, ya yi fifita da shi sau biyu, ya miƙa wa Hamza.

"'Yata, kakana bai ga hoto ba, kuma bai bar gurgu a garin nan ba. Targaɗe ne da 'yar gocewa. Ku danne min shi."

Mutum biyu suka hau kafaɗu, ɗaya ya zauna a kan cinya, Hamza ya rungume ɗaya ƙafar. Ɗanjuma ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya kama dunduniyar da hannu biyu ya ja. Ya murɗa dama. Ya murɗa hagu. Juwairiyya tana jin gutsattsarin ƙashin suna gogar juna, ƙurus ƙurus, kamar ana tauna tsakuwa. Bororon da kumburi ya tayar a gefen ƙafar ya farfashe, ruwa da jini suka bi yatsun Ɗanjuma. Ya sa gwiwa ya danne tafin, ya dunƙule hannu ya riƙa dukan dunduniyar daga gefe wai yana mayar da ita. Wannan ne ihun da aka ji a rijiya. Cindo ya cije harshe har jini ya cika masa baki, fitsari ya kufce masa, ya ƙwalla kiran uwarsa da ta shekara tara a kabari, sannan ya suma.

"Kun ji ta koma?" in ji Ɗanjuma. "Ni na ji."

"Mun ji," in ji Baffa.

Juwairiyya ta yi kukan kura ta faɗa zauren. Hamza ya tare ta da ƙirji ya watso ta waje, ya sa sakata. Ta ramin ƙyaure ta ga sauran: tsumma, sannan tsagaggen kara a jere tun daga yatsu har ƙwauri, sannan igiyar rama. Ɗanjuma ya taka da ƙafa yana ja, yana ƙara ja, har igiyar ta nutse a cikin kumburin.

"Kada a taɓa sai bayan sati biyu. In ya ce zafi, magani ne ke aiki."

A ranar Baffa ya kira mijin Juwairiyya ya ce ya zo ya ɗauki matarsa tun ba a yi abin kunya ba.

Ba ta zauna ba. Ranar Lahadi ta je wajen shugaban 'yan lodi a Maigatari, ya ce Cindo nasu ne, amma wannan maganar gida ce. Ta je wajen wani malami da Baffa ke jin maganarsa, ya ce ta yi haƙuri, ta bi manya, lafiya ta Allah ce. Ta roƙi mijinta, ya ce shi suruki ne, bakinsa bai kai nan ba. Kowa ya tausaya mata, kowa ya ba ta ruwa ta sha, kowa ya raka ta bakin ƙofa. Litinin ɗin da za a tafi Kano ta zo ta wuce. Larai, matar Cindo, takan kira ta a ɓoye daga bayan rumbu, ta ɗaga wayar sama don ta ji nishinsa.

Ranar Alhamis da safe Larai ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya Juwai, ya daina ihu. Ya ce ƙafar ta bar ciwo. Baffa ya ce sauƙi ne ya samu, har an yi sadakar ƙosai."

"Alhamdu lillahi. To me ya sa kike kuka?"

"Ƙudaje ne. Na kore su, na kore su. Kuma ɗakin ba ya shiguwa."

Juwairiyya ta ruga asibiti ta faɗa wa likita Abdulfatah. Ya ajiye biron da ke hannunsa.

"Yatsun wane launi ne?"

"Ta ce sun yi duhu."

"Malama, ki je yanzu. Ba anjima ba."

Ta ɗauki shatar mota daga tasha. Ranar kasuwa ce, Baffa da yawancin maza sun tafi Maigatari. Ta shiga gidan ba sallama, ta zari wuƙar yankan kuɓewa daga kwanon Larai, ta faɗa ɗakin. Warin ya buge ta kamar an jefe ta da shi. Cindo na kwance, jikinsa zafi rau, leɓɓansa sun tsattsage.

"Malama," ya ce, yana murmushi. "Kin ga na warke? Taɓa ki ji. Ko kaɗan ba zafi."

Ta taɓa babban yatsan. Sanyi ƙalau, baƙi kamar gawayi. Ta sa wuƙa a igiyar farko.

Ta yanke uku sai ta ji an shaƙe ta ta baya. Hamza ne, an bar shi gadin gida. Ya naɗe hijabinta a hannu ya ja ta a ƙasa har tsakar gida, yana ƙwallo da ita.

"Ɗorin mutane za ki kwance? Ke mayya ce? Sai kin ga bayansa?"

Ya kai mata naushi a ido. Ta ga wuta. Ba ta san lokacin da ta kai masa wuƙar ba, sai dai ta ga damtsensa ya buɗe, jini na zuba a kan turmi. Ya sake ta ya dafe wurin. Maƙwabta sun leƙo ta saman danga, kawuna kusan goma, ba wanda ya tsallako. Ta rarrafa ta koma ɗakin da ido ɗaya, ta yanke sauran igiyoyin, ta zare karan, ta kama bakin tsumman ta ɗaga.

Fatar dunduniyar ta biyo tsumman.

Hamza ya shigo da taɓarya a hannu. Ya ga abin da ke kan tabarma. Taɓaryar ta faɗi, ya juya ya yi amai a bakin ƙofa. Ya ɗago ya goge baki. Ya sunkuya ya saɓi Cindo a kafaɗa, jininsa na ɗiga a kan rigar ɗan'uwansa, ya kai shi mota.

A Gumel likita Abdulfatah ya duba sau ɗaya ya rubuta takardar Kano. A Kano, likitan da aka shirya zai yi ɗan tsagin nan ya kira Juwairiyya gefe. Ya ce igiyar ta hana jini zuwa ƙafar kwana da kwanaki, naman ya mutu, ruɓar ta haura idon sawu ta fara shiga jini. Ya ce yanzu ba maganar dunduniya ake ba, maganar rai ake.

Cindo ne ya dangwala yatsa da kansa. Ranar Asabar aka cire ƙafar, taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa.

Baffa Ladan ya zo dubiya ranar Talata da mutum biyar. Ya tsaya a kan gadon, ya ɗaga zanin, ya daɗe yana kallon wurin da ƙafa ta ƙare. Juwairiyya na zaune a ƙasa, idonta a kumbure. Ta ga leɓensa na rawa, ta ɗauka kuka zai yi. Sai ya saki zanin ya juya wajen mutanensa.

"Kun gani ko? Me na faɗa tun ranar farko?"

Suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce da an bar ɗorin ya cika sati biyunsa da yanzu yana takawa. Wani ya ce Allah ya shirya 'ya'yan zamani. Hamza na tsaye a bayansu da bandeji a hannu. Shi ya ga abin da ke ƙarƙashin tsumman, shi ya yi amai. Juwairiyya ta zuba masa ido tana jira. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Haka labarin ya koma ƙauye, kuma haka ake ba da shi har yau: 'yar boko ta kwance ɗori kafin lokaci, ta kai yayanta aka yanke. Zauren Ɗanjuma a cike yake. Cindo na zaune a gindin bango a karar Maigatari yana tufka igiyar da wasu za su hau mota da ita.

Za ku ce ƙaddara. Faɗuwar ƙaddara ce, ba mai musu. Igiyar ramar kuwa hannun mutum ne ya ja ta, mutum huɗu suka danne, gari guda ya saurara.

Yanzu haka akwai wani a unguwarku da hannu ko ƙafa a ɗaure cikin kara. Kun san gidan. Ku ajiye takardar nan ku tafi. Ku yi sallama, ku ce a nuna muku yatsun. Ku danna farce ku saki: in jini bai dawo ba, in yatsan ya yi sanyi, in ya canza launi, in mai shi ya ce ya daina jin komai, ku sa a sassauta ɗaurin a gabanku, ku nemo mota ku kai shi asibiti a ranar. Za a ce muku maganar gida ce. Kada ku fita. Ku zauna a kan tabarmar nan har sai an ɗauke shi.